Tsohuwar da Nehemiya Ya Ƙirƙira

Da asuba, in na fito ɗumama mota a tashar Ikara, sai in tarar da Nehemiya mai gyaran rediyo zaune bakin rumfarsa da fitilar ƙwai, yana rubutu da hannun hagu. Na san ba bahago ba ne. Ban tambaya ba. Direba ne ni, ina da abin da ya dame ni.

Zamanin soja ne, lokacin layin sabulu da madara, batir ma sai an shanya shi a rana. Nishaɗin da ya rage wa talaka shi ne filin gaishe-gaishe na rediyo. Akwai ƙungiyar masu aika kati daga Ikara da Makarfi da Kudan, kowa da sunan da ya laƙaba wa kansa, suna tsokanar juna, suna musayar wasiƙu. Wadda ta fi kowa farin jini ita ce Inna Indo ta Gazara.

Babu wata Inna Indo. Nehemiya ne, kuma ba wanda ya sani, har ni.

Daga baya ya gaya mini yadda ya yi ta. Ya ce mutumin da aka ƙirƙira in ya cika kirki ba a yarda da shi, don haka ya ba ta ciwon gwiwa, da faɗa, da gaba da akuyar maƙwabciya. Ranar kasuwa yakan zauna kusa da tsofaffi masu daddawa yana jin yadda suke zagi da sa albarka. Rubutun hagun kuwa nata ne, wai a ajin yaƙi da jahilci ta koya. Wasiƙunta duk ta hannunsa suke bi, don ba ta son baƙi.

Shekara uku yana wannan. Da kayan gyara suka ɓace a kasuwa, kan sarki ya yi tsada, sai ya gaji. Ya aika kati cewa Allah ya yi wa Inna Indo rasuwa. A tunaninsa, da wannan wahalar mai, ba mai tasowa.

Ranar uku 'yan ƙungiyar suka cika tasha da ƙullin geron sadaka, suka ce ya kai su gidanta. Akwai Malam Maiwada, wani dattijo daga Kudan. Akwai Zulai daga Makarfi, goye da jaririyar da ta sa wa suna Indo. Ni ma na bar lodi na kwashe su, don tsohuwar ta taɓa gaishe ni a rediyo.

Nehemiya na gaba kusa da ni, gumi na zuba. Da ya so, da ya nuna musu kowane kabari a yi addu'a a watse, sunansa na nan da kyau. Muna hango rumbunan Gazara ya ce in tsaya. Ya sauka, ya tsaya bakin hanya.

"Jama'a, babu gidan da zan kai ku. Babu kabari. Ni ne Inna Indo."

Ban san lokacin da na kashe mota ba. Wani ya ce a kama shi, baƙin ciki ne ya taɓa masa kai. Sai Nehemiya ya fara karanto da ka wasiƙar da Malam Maiwada ya rubuta wa tsohuwar kan ɗansa da aka sallama daga aiki. Dattijon ya ɗaga hannu ya tsayar da shi.

"Yaro, shekara biyu ina yi wa gwiwar nan addu'a bayan kowace salla. Ta wa ce?"

"Ba ta kowa ba ce, Baba."

"To, Allah ya san inda zai kai ta. Amma ni kada ka ƙara gaishe ni."

Zulai ta kwance goyo, ta miƙa yarinyar dab da fuskar Nehemiya. "Malam Nehemiya, in ta girma ta ce ina takwararta, in nuna mata kai?"

Nan muka bar shi, muka juyo Ikara.

Aka daina kai masa rediyo. Kowa ya zaci zai tattara ya koma garinsu kudu. Bai tafi ba. Ya rufe rumfa ya shiga bin su ɗaya bayan ɗaya da ƙafa, yana ba da haƙuri. Wasu suka kore shi, wasu suka ba shi ruwa. Ni ban ga amfanin surutunsa na da a filin gaishe-gaishe ba, amma wannan tafiyar na gan ta da idona. Tukur, mijin Zulai, shi ya ƙi fitowa sam.

Ganina da shi na ƙarshe a Makarfi ne. Na wuce da hantsi yana tsaye ƙofar gidan Tukur, hula a hannu. Na dawo da la'asar yana nan, leɓe ya bushe. Na danna masa oda, bai juyo ba. Ya matsa bakin zauren, ya sake yin sallama.