Foldar Auta

Shekara ashirin da shida Anti Tafireta ta yi tana buga wa mutane takardu a ɗan shagonta da ke ƙarƙashin bene, tsakanin mai hoto da mai gyaran waya. Tafiretar ta daɗe da mutuwa, kwamfuta ta gaje ta, amma sunan ya ƙi barinta. Mace ce da ba ta iya zama wuri ɗaya. Ko ruwa take sha, ƙafarta na kaɗawa.

Ƙaninta, autan gidansu, a jirgin ruwa ya yi aiki. Duk tashar da suka tsaya sai ya turo mata imel, ita kuma ta adana a folda guda mai suna "Auta". Shekara uku ke nan da rasuwarsa a can.

Wata Talata da safe ta buɗe foldar, ta tarar da saƙo ɗaya tal. Shi ne na ƙarshe, wanda ya turo bayan sun yi cacar baki a waya kan ƙin dawowarsa gida. Da farko fushi ya hana ta buɗe shi, daga baya tsoro.

Ta duba kwandon sharar imel ɗin, ta duba saƙonnin banza. Ta kashe kwamfutar ta kunna har sau uku. Wani dattijo ya kawo takardar neman aikin ɗansa, ta buga masa kwanan wata a gurbin suna. Ta fita bakin titi, ta dawo, ta sake fita. Da azahar ta leƙa wurin mai gyaran waya.

"Maƙwabci, zo ka duba mini. Wasiƙun ƙanina sun gudu."

"Anti, wasiƙa ai ba ta da ƙafa," in ji shi, ya biyo ta. Ya bincika da sunan marigayin, ya duba ma'ajiyar tsofaffin saƙonni, ya sosa ƙeya. "Buɗe wannan da ya rage mu gani."

Ta danna. Layi uku ne: "Yaya, kin fi ni gaskiya, amma kin fi ni faɗa. Na sayo miki kujera mai juyawa saboda bayanki. In na zo kada ki fara da masifa, ki fara da abinci."

Ta goge ido da bakin mayafi, ta koma cikin foldar. Wannan ma ya ɓace. Ta miƙe zumbur.

"Zauna, Anti, yanzu na gane." Ya nuna mata wani ɗan maɓalli a saman foldar. "Hannunki ya taɓa nan, sai take nuna waɗanda ba a karanta ba kaɗai. Ke kuwa kin karance su duka."

Ya danna, saƙonnin suka zubo, har allon ya cika.

Ranar ba ta ƙara karɓar aikin kowa ba. Ta saka takarda a firinta, ta shiga buga su ɗaya bayan ɗaya tana tsaye a kanta, har tawada ta ƙare a na tamanin da huɗu. Ta ɗauki jaka, ta ce wa mai hoto ya kula mata da shago, ta tafi neman wata.