Harbin da Ya Fito Daga Sifika

Shekarun baya, ban daɗe da gama sakandare ba, wani abu ya faru a gidanmu a Mabera, cikin garin Sakkwato, wanda har yau bai fita raina ba. Kowa ya koma harkarsa tun tuni, wasu har dariya suke yi in an tayar da zancen. Ni dai ban kai ga dariyar ba tukuna.

Yayana yana da wani tsohon faifan gambarar Amurka, irin ta 'yan daba, wanda aka yi tun ba a haife shi ba. Ya zuba shi a wayarsa, kuma ba kiɗan kaɗai yake so ba, har tarihin faifan ya haddace. Ina wanke-wanke zai tsaya a kaina yana ba ni labari: wai da ya fito, masu sharhi a jaridun can cewa suka yi ashar ne da koya wa yara ta'asa, da shekaru suka ja kuma su ɗin dai suka dawo suna cewa ba a taɓa yin kamarsa ba. Akwai abokinsa da kullum suke musu a kai.

"Zagi ne da harbi, kana ta yi muna bayani awa wani karatu," in ji abokin.

"Labarin unguwarsu suka baiwa duniya. Mu nan ba mu da masu yi ma ɓarayi waƙa? Tsohhi na saurare suna dariya. Wa yaz zama ɓarawo?"

Ni Turancina na makaranta bai kai can ba, ko kalma ɗaya cikin goma ba na kamawa, amma nakan gyaɗa kai don kada a ce ban waye ba. Abin da na sani kawai shi ne tsakanin waƙa da waƙa akwai jiniyar 'yan sanda, da ihu, da ƙarar bindiga.

A wannan shekarar ƙanwar mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana zaune a wurinmu da ɗiyarta 'yar kimanin shekara shida. Daga wani ƙauye na gabashin Sakkwato suka taso bayan 'yan bindiga sun matsa musu. Ba ta taɓa ba mu labarin abin da ta gani ba, mu ma ba mu tambaya ba. Yarinyar ba ta da surutu, sai bin bayana duk inda na sa ƙafa.

Yayata ta haihu a gida, aka zo suna, ana tsakiyar zafin bazara. Bayan la'asar tsakar gida ta cika da mata. Na ari babbar sifikar yayana mai caji, na haɗa da wayata ina sa musu waƙoƙin biki. Ina can ina rabon sobo cajin wayata ya ƙare. Ita kuwa sifika ta saba da mai ita, sai ta kama wayar yayana, wanda ke shagonsa na ƙofar gida shi da abokin nan suna musunsu na kullum. Daga baya ya gaya mana cewa ya ce wa abokin, tsaya ka ji wannan wurin, ya danna. Bai ji komai ba, sai ya ƙure murya.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Harbi ne a jere, a tsakiyar gidanmu, kamar daga ƙarƙashin tabarma yake fitowa. Mata suka watse, wasu ɗaka, wasu waje, kwanuka na ta birgima. Ni da na san faifan, ni da na sha jin wannan harbin, sai ga ni a banɗaki riƙe da faranti da takalmin wata ƙafa ɗaya. Sai da kiɗa ya shigo, wani ƙato ya fara zuba Turanci, sannan hankalina ya dawo. Na fito na kashe sifikar.

Mata suka fara dawowa, masu dariya na yi, masu tsinuwa na yi. Mahaifiyata tana cewa yau sai ta ga wanda ya haifi yaron nan. Inna kaɗai ce ba ta dariya. Tana tsaye a tsakar gida ba ɗankwali, tana dube-dube.

"Ina ɗiyata?"

Muka shiga nema. Ƙarƙashin gado, bayan ƙofa, cikin durom ɗin ruwa. Wata ta leƙa rijiya. Ƙofar gida a buɗe take tun da mata suka fita a guje, don haka tana iya kasancewa a kowane gida a layinmu. Ina ta ƙwala kiran sunanta har muryata ta dushe. Na shiga ɗakin ajiya na bayan kicin, na duba bayan buhuna, na kira, na fito.

Sai Inna ta zauna a ƙasa ta ce, "Ku bar kira. Ba ta amsawa."

Mahaifiyata ta ce, "To ke kira ta mana, ai ta san muryarki."

"Ni nah hana ta. Can garinmu in sunka shigo, uwa suka aza ma bindiga su ce ta kira ɗiyanta. Shi yas sa munka koya musu, in kin ji harbi ki samu abu mai marhi ki shiga, ko ni kika ji ina kira kar ki amsa. Sai kin ji ladan ya yi kiran salla. In ladan ya kira, to sun tahi, maza sun dawo."

Abu mai marfi. A wannan zafin. Na ɗaga kai na dubi rana, tana nan sama ba ta da niyyar faɗuwa, magariba da sauran tafiya.

Aka kira mahaifina daga zaure inda yake ba da karatu. Ya saurara bai katse kowa ba. Wata maƙwabciya ta ce a je a roƙi ladan ya kira yanzu a lasifika.

"A'a. Akwai masu azumi, akwai tsohhin da ba su duba rana, su yi salla ba lokaci ba." Sai ya ƙara da cewa, "Amma kiran salla cikin gida lokacin hirgici, malamai sun yarda da shi. Ku shaida ma maƙwabta ba lokaci na yay yi ba."

Ya waiga ya ga yayana a raɓe a bakin zaure, fuskarsa kamar an yayyafa mata toka.

"Kai, taho. Muryarka ta hi tawa ƙarhi. Hau katanga ka kira."

"Baba, ni?"

"Kai."

Ban taɓa jin yayana ya yi kiran salla ba sai ran nan. Ya taka turmi ya hau katanga, ya sa yatsu a kunne. Kabbarar farko muryarsa ta karye, ya sake. Duk matan nan, masu goyo da masu kwalliya, ba wadda ta yi tari. Ni kuwa abu ɗaya nake ta juyawa a raina: in tana inda ba ta ji fa? In ta ji amma ba ta da sauran ƙarfin motsi fa?

Ya gama. Mahaifina ya ɗaga hannu kada kowa ya yi magana. Muka tsaya. Har jaririyar da ake wa suna ta yi shiru.

Sai muka ji ƙwanƙwasa, a hankali, daga ɗakin ajiya.

Ni na fara isa. Akwai wata matacciyar firiza a ɗakin, wadda mahaifiyata ke zuba tsofaffin buhuna a ciki. Na ɗaga marfin. Tana kwance a dunƙule, rigar sunan da aka ɗinka mata ta jiƙe sharkaf, leɓɓanta sun bushe, ta cusa gefen hijabinta a baki don kada numfashinta ya yi ƙara. Ta ɗago ido ta dube ni.

"Anti, sun tahi?"

Na ce sun tafi.

"Wa anka kashe?"

Sai Inna ta ture ni ta ɗauke ta. Aka yi ta shafa mata ruwa, aka kai ta wani asibiti kusa da mu, suka ƙara mata ruwa, kafin isha muka dawo gida.

Mahaifina bai daki yayana ba, bai ma yi masa faɗa ba, kuma ina jin da dukan ya fi masa sauƙi. Bayan kwana biyu ya je ya durƙusa gaban Inna yana ba ta haƙuri. Ya ce ba harbin gaske ba ne, a ɗakin ɗaukar waƙa aka haɗa shi, kuma mawaƙan ma ba daɗi suke ji ba, wahalar da suka taso a ciki suke faɗa, manyan masana ma sun yaba musu. Ta saurare shi har ya gama.

"Su mutanen, sun taɓa jin bindiga da kunnensu?"

"Sun ji, Inna. Cikinta sunka tashi."

"To mi yas sa sunka aza mata kiɗi?"

Yayana, mai amsar kowace tambaya a kan faifan nan, ya miƙe ya koma shagonsa. Ban ce Inna ta fi masanan gaskiya ba, ban sani ba. Wataƙila wanda ya ji bindiga a can yana da hanyarsa ta ɗaukar abin, ita ma tana da tata. Bai goge faifan ba, amma tun daga ranar sai da abin kunne yake saurare.

Ni abin da ya bar mini daban ne. Mun zauna da mutanen nan wata da watanni, muna ci a kwano ɗaya, ban san abin da aka koya wa yarinyar da ke kwana a bayana ba. Har yau in aka buga ƙofa da ƙarfi, ko taya ta fashe a titi, sai na tsinci kaina ina ƙirga yaran da ke kusa da ni.

Yarinyar ta girma, tana makaranta, ta yi baki har ta fi ni. Kwanakin baya ina yi mata kitso na daure na tambaye ta ko ta ji ni ran nan da na shigo ɗakin.

"Na ji ki, Anti. Har kin dafa marhin, kina kuka."

"Shi ne ba ki amsa ba?"

"Na ji tausayinki ƙwarai. Na aza ke sunka kama."