Inna Tchima, Mai Sa Safa Ta Yi Magana

Duk wanda ya saba bin hanyar asibitin Agiye da sassafe ya san Inna Tchima. Takan fito da tsohuwar jakarta a kafaɗa, tana tafiya sannu saboda gwiwa, tana gaisawa da masu ƙosai da masu amalanken jaki. Ba ɗakin likita take shiga ba. Wurinta gindin wata bishiyar bedi ne, bayan ɗakin da ake kwantar da yara masu tamowa. Ta share, ta shimfiɗa tabarma, ta wanke hannu, sannan ta zazzage jakar. Abin da ke ciki ko kyauta ba kowa zai karɓa ba: akuyar tsumma mai kunne ɗaya, da kura marar haƙori da aka ɗinka da hannun tsohuwar riga, sai babbansu, wata safa mai idanun maɓalli wadda ta raɗa wa suna Maikuɗi. Ni dai ban taɓa ganin mai kuɗin da ya kai shi tsiya ba.

Idan ta zura hannu cikin safar, Maikuɗi sai ya farka ya soma rigima. Tsoron cokali yake ji, ba ya son kunu, yana ganin allura ya ɓuya a hammatarta. Yaron da ya kwana yana ƙin abinci sai ka ga ya matso yana lallashin safa, har ya kurɓi kunun don ya nuna wa Maikuɗi ba a mutuwa. Yaron da baƙin ciki ya ɗaure wa baki, abin da ya kasa gaya wa manya yakan raɗa wa akuya a kunnenta ɗaya. Inna Tchima ba ta katse shi, ba ta ce masa ya yi shiru. Aikinta ke nan tun tana budurwa, kuma a wannan watan ta ajiye shi.

A farin 1984 ta fara. Damina ta ƙi, gero ya bushe a tsaye, mutanen ƙauyuka suka kwararo bakin gari inda aka kafa runfuna ana dama wa yara kunu. An ɗauke ta ne don ta riƙa wanke ƙore. A nan ta lura da abin da ya hana ta sukuni: akwai yaran da yunwa ta kai su inda ba sa ma neman abinci. Ga kunu a gabansu, sun zuba wa ƙasa ido. Wata rana ta tsinci safa a bayan runfa, ta wanke, ta ɗinka mata maɓallai.

Na'Allah, wanda yake faskara itace a wurin a lokacin, yana nan da ransa, kuma shi ya ba ni labarin da zan ba ku. Ya ce da farko dariya ya yi mata.

"Tchima, mutane na mutuwa ke kina wasan ƴar tsana?"

Ta ce, "Kai dai ka ji da gatarinka."

Ana cikin haka aka kawo wata yarinyar mace mai suna Batulu daga wani ƙauye na wajen Gazawa, da ɗanta na fari, bai fi shekara uku ba. Mijinta ya yi kudu neman abinci. Kowa a nan ya san al'adarmu game da ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Kaka ce take ɗaukarsa, ita ce mai kiransa, ita ce mai yi masa rawa a cinya. To, kakar wannan yaro ta rasu kafin su baro ƙauye. Tun daga ranar bai sake jin an kira sunansa ba.

Batulu takan zauna ta ba shi gefe, ta miƙa cokali tana kallon wani wuri, don matan garinsu suna runfar, har da dangin mijinta. Su kuwa yabonta suke yi, suna cewa yarinyar ta san kunya. Yaron ya rufe baki gam. Likitan wurin ya gwada duk abin da ke hannunsa, daga baya ya ce idan yaron bai soma ci ba, ba zai ga ƙarshen mako ba.

Inna Tchima ta zo da Maikuɗi. Ya yi atishawa, ya faɗi, ya tashi, ya sa kai cikin ƙwarya. Yaran runfa suka yi ta ƙyalƙyala dariya, amma wannan yaro ko gezau. Sai ta daina wasan ta tsaya tana kallonsa, ta ga idonsa ba ya kan safa, yana kan ƙeyar uwarsa.

Ke ce, Inna Tchima, ba ki yi wa Batulu wa'azi ba. Ba ki ce al'ada banza ce ba, don ke ma da ita aka raine ki, kuma kin san idan kika kunyata ta a gaban surukai za ta ɗauki ɗanta ta tafi. Na'Allah ya ce yarfe hannu kika yi kamar mai jin ciwo, kika zare safar.

"Wash! Hannuna ya gaji. Batulu, riƙa mini Maikuɗi."

"Ni ban iya ba, Yaya."

"Babu abin iyawa. Sa hannu kawai. Mi a sunan yaron ga?"

Batulu ta sunkuyar da kai. Wata daga cikin matan ta ce, "Ɗan hwari na, ba ta hwaɗi."

"Wa ya ce ita za ta hwaɗi?" in ji Inna Tchima, da ƙarfi don kowa ya ji. "Maikuɗi za shi hwaɗi. Shi wanga ba shi da kunya ko ta sisi, kowa ya san shi."

Matan suka yi dariya, dariyar kuwa ita ce iznin. Batulu ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya, ta juya wa yaron baya, hannun da ke cikin safa kaɗai ta miƙo. Can sai bakin safar ya buɗe, wata siririyar murya ta fito daga ƙarƙashin mayafi.

"Harouna."

Yaron ya ɗago kai.

"Harouna, sha kunu."

Inna Tchima ta kai cokali, ya buɗe baki. Na'Allah ya ce ajiye gatarin ya yi ya koma bayan runfa, don kada mata su ga namiji yana hawaye. Daga ranar, kullum Maikuɗi yana hannun Batulu lokacin kunu, har yaron ya tashi da ƙafafunsa. Ba su ne na ƙarshe ba. Iyaye mata da yawa sun yi magana da ƴaƴansu na fari ta bakin wannan safa, a farin nan da waɗanda suka biyo baya.

Ni ne Harouna. Ban tuna runfar ba, ban tuna kunun ba. Abin da na sani shi ne na girma, na yi lakol, wato makarantar boko, na yi aure, kuma har yau mahaifiyata ba ta kiran sunana. Da ina yaro "wancan" take ce mini, da na haifi Dija na koma "baban Dija". Ban taɓa jin haushi ba, amma ba zan ɓoye ba, na sha marmarin ji.

Ina roƙon matasan da ke aiki da yara a Agiye da Gazawa da Gidan Runji, ku je ku zauna a tabarmarta tun tana da ƙarfin koya muku. Safa ba ta da wuyar samu. Abin da za ku koya shi ne tsayawa ku ga inda idon yaro yake kallo.

Ranar da ta ajiye aiki na ɗauki mahaifiyata a babur muka je yi mata ban gajiya. Suka rungumi juna, tsofaffi biyu, suna lissafin waɗanda suka rasu. Da muka tashi tafiya, Inna Tchima ta laluba jaka ta fito da Maikuɗi, ya sha faci har ba a gane asalin launinsa, ta ɗora shi a cinyar mahaifiyata.

"Riƙa mini, hannuna ya gaji."

Mahaifiyata ta harare ta, ta ce tsufa bai raba ta da neman magana ba. Amma ta ja mayafi, ta juya fuska wajen bango, ta miƙo hannu.

"Harouna," in ji Maikuɗi, "ka ci abinci?"

Na ce na ci.

Inna Tchima, sau biyu kika sa aka kira ni, na farko ya tsayar da ni a duniya, na biyu ina da furfura a gemu. Na gode. Allah Ya hutar da wannan hannu, Ya saka miki da gidan Aljanna.