Irin da Bai Tsiro Ba

Aikina a gidan rediyo shi ne in karɓi labari da Faransanci in mayar da shi Hausa kafin a buɗe mini makirfo. Wanda ya daɗe a wannan aiki yakan ji tsoron kalma, don ya san inda take sauka: rumfar mahauta, bakin rijiya, kunnen tsohuwar da ke tsinkar zogale. Kalmar da ta fi ba ni wuya kuwa daga cikin danginmu ta fito.

Ina da taubashi, ɗan goggona, malamin gona ne. Uwarsa ta rasu yana ƙarami, sai ƙanin babana ya ɗauke shi. Ni Baffa nake ce wa dattijon, shi kuma Kawu yake ce masa. A gidan Baffa da ke unguwar Birni a Damagaram ya tashi. Baffa ya sa shi lakwal, wato makarantar boko, Baffa ya yi masa aure, kuma da ya zama shugaban biro, wato ofishin wata ƙungiya mai raba wa manoma iri, sai ya jawo shi aiki a ƙarƙashinsa. Taubashina bai taɓa tsayawa a zauren gidan nan yana jiran izini ba. Sallama ɗaya, ya yi ciki. Matar Baffa Inna yake kiranta.

Wata shekara, dab da damina, irin gero ya iso a makare. Aka jibge shi a mangaza, za a kai ƙauyukan wajen Dogo da Hamdara. Taubashina yana da wata ɗabi'a tun daga makarantar noma: kafin a raba iri sai ya ɗebi kaɗan daga buhu daban-daban, ya baza a kan jiƙaƙƙen tsumma, ya rufe, ya jira tsiro. Da ya buɗe a wannan karo, ɗan tsiron da ya fito ɗaiɗai ne, sauran ya yi funfuna. Ya sake gwadawa, abin bai sauya ba. Ko tsohuwar ajiya ce aka sayar wa ƙungiyar, ko zafi ne ya kashe irin a hanya, ban sani ba har yau. Ba wanda ya ce Baffa ya ci wani abu. Abin da ke wuyansa shi ne ya karɓi kayan ba a gwada ba, ga shi kuma manya za su zo daga Yamai bikin rabo.

A gida taubashina ya sami Baffa da maganar, don kada ma'aikata su ji. Baffa ya daɗe yana kallon tsumman, sa'an nan ya ce, "Bari a raba. Manomi zai haɗa da nasa. Baɗi sai a gyara. Ka rufa mana asiri."

Duk wanda ya girma a Damagaram ya san nauyin wannan magana. Rufin asiri shi ne abin da muke roƙo bayan kowace salla. In aka tambayi mutum halin da yake ciki ya ce akwai rufin asiri, yana nufin tukunyarsa tana hawa wuta kuma maƙwabci bai san abin da ke cikinta ba. Babba ya roƙe ka wannan, ba umarnin biro ya ba ka ba. Mutuncinsa ya ɗora a tafinka.

Sai dai taubashina ya san abin da Baffa ya daina gani daga kujerarsa. Kakar da ta wuce ba ta yi kyau ba. Gidaje da yawa sun daka irinsu sun ci, saboda an ce musu iri yana tafe. Ba su da nasu da za su haɗa. Kuma wanda ruwan shuka ya wuce shi a ƙasarmu, shekarar ce ta wuce shi.

Da rana tsaka ya same ni a gindin dalbejiyar gidan rediyo, da leda a hannu.

Na ce, "A'a, bawana ne? Me aka kawo wa ubangida, ɗanwake?"

Ya ce, "Ubangidan wa? Kai da ake biya don surutu." Ya kwance ledar, sai ga tsumman gwajin. "Duba nan."

"Wannan ai kan mai sanƙo ne."

Bai yi dariya ba. Ya faɗa mini yadda suka yi da Baffa, da yadda ya buga wa manyan Yamai waya suka ce za a duba bayan biki.

Na ce, "Ka san in ka yi magana ba biro kaɗai za ka rasa ba."

"Na sani. Amma ni zan tsaya a kan kamyon kaya ina miƙa buhu, dattijo ya karɓa ya ce mini Allah ya saka da alheri. Da wane baki zan ce amin?"

Bai nemi in sa shi a rediyo ba. Babur ya hau, ya bi ƙauyukan ɗaya bayan ɗaya, yana nuna wa masu gari yadda za su jiƙa tsumma su gwada da kansu. Bayan an yi biki an raba, suka gwada, irin bai tsiro ba. Ba a jima ba manoma suka fara kiran shirinmu na waya, muryoyinsu a sama. Labarin ya zo teburina kamar kowane labari, kuma ni ke kan aiki.

Faransanci yana da suna mai tsabta ga irin wannan mutum, sunan da ke nufin wanda ya yi gargaɗi don amfanin jama'a. Da muka zauna neman na Hausa, kowace kalma ta zo da ƙazantarta. Mai tona asiri. Mai fallasa. Wani abokin aiki ya ce cikin raha, "Ku dai ce ɗan tsegumi ku huta." Duk kalmomin suna kallon wanda aka kunyata, ba wadda ke kallon gonar. Na tuna cewa idan wuta ta kama gida, wanda ya yi ihu ba a ce ya tona asiri, ko da ihun nasa ya sa maza sun kutsa har ɗakin matan aure. Amma wuta ana ganinta. Irin da ya mutu a buhu kamarsa ɗaya da mai rai.

Na karanta a makirfo cewa wani ma'aikacin ƙungiyar ne ya gargaɗi manoma. Gari kuwa ya riga ya zaɓi kalmarsa tun kafin in shiga ɗakin watsa labarai. A majalisar unguwa, a wurin suna, a bakin masallaci, magana ɗaya ce: yaron da aka yi renonsa ya tona wa kawunsa asiri.

Aka janye sauran irin. Wasu ƙauyuka sun samu aro daga dangi sun yi shuka a kan lokaci, wasu sun riga sun zuba shi a ƙasa. Aka sauke Baffa daga shugabanci. Taubashina kuma ba a sabunta masa kontirar aikinsa ba, ba tare da an faɗi dalili ba. Wani manomi ya kawo masa zabi har gida. Wani ya tare shi a kasuwa ya ce ya jawo ƙungiya ta daina kula ƙauyensu.

Duk wannan taubashina ya jure. Gidan Birni ne ya hana shi sukuni. Ya daina zuwa, yana jiran zuciyar dattijo ta huce. Da Salla ta zo ya ce in raka shi.

Muka yi sallama, Baffa da kansa ya fito zaure. Ya sa aka shimfiɗa darduma mai kauri, wadda ake fitowa da ita in an yi manyan baƙi. Aka kawo ruwa a kofin gilashi bisa faranti. Ni ya miƙa mini hannu ya ce, "Ɗan neman labari, sai yau?" Sa'an nan ya juya ga taubashina fuska a sake.

"Malam, barkanku da Salla. Ina gajiya? Yaya iyalinku?"

Tunda nake ban taɓa jin Baffa ya ce masa "ku" ba.

Taubashina ya amsa kansa a ƙasa. Ana jin muryoyin mata daga cikin gida. Can ya ce, "Kawu, zan shiga in gaida Inna."

Baffa ya ce, "Kada ku wahalar da kanku. Za a gaya mata kun zo."

Da muka miƙe ya rako mu har ƙofa, ya ma taka mana kaɗan a cikin lungu, ya yi godiya da ziyara.

Muka bi lungunan Birni. Na nemi wata zolaya da zan jefa masa, ban samu ba. Sai da muka fito bakin titi ya tsaya, yana gyara hularsa da ba ta karkace ba.

Ya ce, "Da ma zagina ya yi."