Faɗan Nasiru da Ya Rage a Kwamfutar Sito

Wahala muka sha kafin aikin kwamfutar sitonmu ya tsaya da ƙafarsa, kuma ba zan ce da daɗin rai na sha tawa ba. Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Nasiru, Allah ya jiƙansa, amma in na tuna kakar da ya tsare ni da tambayoyi kamar alƙali, har yanzu sai in ji gajiyar a gadon bayana.

Ni mai awo ne a siton ƙungiyar manomanmu a Funtuwa. Masara da dawa da waken suya, na Tsiga da na Gozaki da na ƙauyukan hanyar Malumfashi, duk ta kan sikelina suke bi. Karatuna bai wuce aji huɗu na firamare ba. Nasiru ne ya yi boko a gidanmu, kwamfuta ya karanta. Da ya ga yadda ake rikici duk kaka a kan kayan wane sun shiga cikin na wane, sai ya ce zai rubuta mana manhaja. Na ce masa mu sikeli sabo muke so, ba allo ba. Bai saurare ni ba. Dama can ba ya saurarata.

Abin da ya fi cin lokacinsa shi ne abin da yake kira mai gadin ƙofa. Wato ƙa'idojin da za su duba duk abin da na shigar kafin kwamfuta ta karɓa. In nauyi ne, sai ya zama nauyin da buhu zai iya ɗauka. In danshin hatsi ne, sai ya zama wanda hankali zai yarda da shi. Ɗaya bayan ɗaya ya rubuta su da hannunsa, kuma kowace sai ya tambaye ni. Yaya, buhun masara mafi nauyi da ka taɓa aunawa kilo nawa ne? Yaya, dawa in ta kai wane danshi take fara funfuna? Ina tsakiyar aiki, layin a-kori-kura ya kai bakin titi, shi kuwa yana zaune bisa buhu da kwamfuta a cinya yana jiran amsa. Akwai ranar da na ce masa ya tashi ya bar mini sito. Ya tashi, ya sayo mana rake, ya dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Da ya gama, sai na gano abin da ya yi mini. Duk inda zan yi kuskure, bai bar kwamfuta ta yi mini Turanci ba. Da bakinsa take magana. Ranar farko yatsana ya ƙara sifili a nauyi, sai ga rubutu ya fito: "Yaya, buhu ne ko saniya? Sake duba sikeli." Na manta sunan mai kaya, ta ce: "To na aljanu ne? Sa suna." Na sa kwanan wata na gaba, ta ce: "Yaya, ba mu kai baɗi ba tukuna." Leburori suka yi ta dariya, suka riƙa zuwa leƙen allo don su ga an yi mini faɗa.

Bayan kaka biyu ya kwanta gajeriyar rashin lafiya, Allah ya karɓi abinsa. Ya bar matarsa da yara uku, babbarsu Rukayya, tana sakandare a lokacin.

Zan faɗi gaskiya, tunda ita na zauna faɗa. A shekarun nan, in sito ya yi shiru bayan la'asar, nakan ƙara sifilin nan da gangan. Rubutun ya fito, in karanta, in goge, in sa daidai. Ba kuka nake yi ba. Kawai dai ina jin kamar ya leƙo ya tsokane ni ya wuce. Hotonsa yana gida, amma hoto ba ya ce maka komai.

To bana kwamfutar ta tsufa. Sai ta ga dama take tashi, kuma ƙungiya ta buɗe wuraren awo a Tsiga da Gozaki, ana so kowane mai awo ya shigar da nasa ta waya. Shugabanmu, Alhaji Sule, ya ɗauko Rukayya, wadda ta bi sahun ubanta ta karanta kwamfuta. Ina tsaye ta yi aikin. Yanzu ashe akwai kayan aikin da za ka nuna wa misalin bayananka, su fitar maka da ƙa'idojin da kansu. Ta nuna, suka fitar, ta bi ta gyara inda suka haɗa danshin masara da na wake wuri ɗaya. Ta rubuta wasu 'yan gajerun umarni, bayanan shekara da shekaru suka koma sabon wuri kafin shayina ya huce. Aikin da ya cinye wa ubanta kaka guda.

Na yi ta tunanin me Nasiru zai ce da ya ga haka. Wasu za su so in ce zai yi baƙin ciki. Ba zai yi ba, na san ƙanena. Mutum ne mai ƙin jira, ko ruwan shayi ba ya bari ya tafasa. Da ya rungumi abin nan hannu biyu, ya yi ta nuna wa mutane ko ba su tambaya ba. Abin da zai yi gunaguni a kai ɗaya ne, shi ma na gan shi da na gwada wayar. Na ƙara sifili. Jan layi ya fito, da kalma ɗaya: "Kuskure."

Na ajiye wayar na ce ni ba zan yi aiki da ita ba. Alhaji Sule ya yi ta lallashi, ya ce masara ta fara shigowa, in kwamfutar nan ta mutu a tsakiyar kaka ni zan tsaya gaban manoma. Na ce na ji. Ya ce ba don tsufana ba da ya ce ina yarinta. Na ce ya faɗa, ba zan ji haushi ba. Kowa ya ɗauka tsoron sabon abu ne, ni kuma na ƙyale su a haka, don ban san yadda ƙato mai furfura zai ce yana riƙe da tsohuwar kwamfuta don ta riƙa yi masa ba'a ba.

Rukayya ce ta gane. Ta same ni bayan an watse, ta ce ta buɗe cikin aikin babanta ta ga maganganun. Ta ce suna da yawa, har da waɗanda ban taɓa gani ba, saboda ban taɓa yin irin kuskurensu ba. Za ta iya kwashe su duka ta zuba a sabuwar, ba wani aiki ba ne. Sai dai ta tambaya ko ta cire "Yaya", tunda yanzu yaran Tsiga da Gozaki ne za su riƙa karantawa. Na ce ta bari, su ma su san akwai wanda ya isa ya yi musu faɗa. Ta ce ko in zauna ta karanta mini sauran. Na ce a'a, ta bar su inda suke, in na yi kuskurensu ma haɗu.

Ta yi dariya kaɗan, tana murza gefen hijabinta.

"Baba, kai shekara bakwai yana yi maka magana," ta ce. "Ni sai jiya na ji yadda yake wasa. A gida ban san shi da haka ba, kullum a gajiye yake dawowa."

Na miƙe zan kulle sito. Na ce ta gaida mamanta.

Mutane suna tambayata me Nasiru ya bari. Bai gina gida ba, gonarsa ƙarama ce. Ƙa'idojin da ya yi gumi a kansu, yau na'ura tana yin irinsu cikin ƙiftawar ido, kuma ba na jin haushin hakan. Abin da na'urar ba ta da shi shi ne, ba ta zauna bisa buhu ta san wanda zai danna madannan ba, ba ta san ya fi jin gyara in an haɗa da tsokana ba. Wannan nasa ne. Yanzu yana cikin wayoyin mutanen da ba su taɓa ganinsa ba, kuma ina roƙon duk wanda ya yi dariya ya bi shi da addu'a.

Washegarin maganarmu da Rukayya, da safe na riga kowa zuwa sito. Na zare wayoyin tsohuwar kwamfutar da hannuna, na share mata ƙura, na nannaɗe ta cikin sabon buhu na ɗaure a bayan babur. Na kai gidan marigayin, na yi sallama, Rukayya ta fito. Na miƙa mata na ce ta jona ta a ɗakinta, in ta ƙi tashi ta buga mata hannu a gefen hagu. Sannan na koma bakin aiki, masarar Gozaki tana jirana.