Na'urar da Aka Ɓoye a Rumbu

Yamai zuwa Filinge

Mun bar Yamai kafin kiran assalatu, ni da Sumana direban ofishinmu. Aikina shi ne rabon zangon rediyo: wannan na jirgin sama, wannan na salula, wannan kuma a bar shi shiru saboda masu nazarin sararin samaniya. A wata lise, wato makarantar sakandare, ta Filinge malaman jami'a sun kafa anten, wato eriya, da ke sauraron ƙarar da rana ke fitarwa, sai wata ƙara ta daban ta taso ta rufe komai. Umarnin da aka ba ni gajere ne: in nemo abin da ke yin ta, in kwance shi in taho da shi.

Daga Baleyara hanya ta fara yin tsit. A shingen Tabla wani soja ya buɗe akwatina, ya ga na'urar farautar ƙara da ƙahonta na ƙarfe, nan take fuskarsa ta canza.

"Wannan fa? Da wa kuke magana?"

Na miƙa takardun aiki. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Mu mun karanta takarda. Masu bindigar da ke cikin daji ba su karantawa. Ka rufe abin nan da bargo."

A Bankuku muka sayi dambu da kopto, kwaɗon zogale. Sumana ya cinye nasa ya haɗa da nawa.

Filinge

Malama Hadiza, mai koyar da kimiyya kuma mai kula da anten ɗin, ta tarbe mu da hura mai sanyi. Ta nuna mini allon kwamfuta. Inda ya kamata a ga zanen ƙarar rana, baƙi ne ƙirin.

"Tun bayan girbi muke haka," in ji ta. "Ɗalibaina sun gaji da kallon toka."

Na hau rufin aji na juya na'urata, ta nuna arewa maso gabas, hayin fadama. Malama ta ce, "Wajen can an ƙone falwayar salula bara. Allah shi kiyaye hanya."

Ƙauyen

Ba zan faɗi sunansa ba. Da hantsi washegari muka bi yashi tsakanin gawo da karan hatsi. Duk ƙurar da na hango sai in kasa kunne, ina jiran in ji kukan baburan masu bindiga. Na'urar, ina riƙe da ita ƙarƙashin bargo, ta kai mu har gindin wani rumbu a bayan gidan maigari.

Maigari tsoho ne, siriri. Da ya fahimci abin da ya kawo mu, sai ya sa aka ɗaga hular rumbun. A kan damman hatsi ga akwatin ƙara ƙarfin rezo, wato sabis ɗin salula, ga batir, ga anten biyu an ɗaure su da igiya wuri guda. Ɗaya aikinta ta kamo rezo daga nesa, ɗayar ta watsa wa wayoyin gari. In suka kusanci juna sai akwatin ya riƙa jin muryar kansa yana ihu, kamar lasifikar masallaci in ladan ya matso ta da yawa.

"Baba," na ce, "gyaran mai sauƙi ne. A ɗaga mai kamo rezon a kan dogon icce."

"Can tak kasance, ɗana. Mu munka sauko da ita. Garin da ag gabanmu sun bar tasu bisa, mutanen nan sunka gane ta. Mai gidan da anka kafa ta bai kwana duniya ba." Ya dafa rumbun. "Ko da kyar taka aiki, da ita muka kiran soja, da ita muka kiran motar likita. In ka ɗauke ta, mi za mu yi?"

Doka tana gefena, kuma gaskiya ce zangon ba nasu ba ne. Amma hannuna ya ƙi zuwa wajen igiyar. Ina kallon inuwar rumbun sai na tuna anten ɗin lise rana kawai take saurare.

"Baba, in kuka kashe ta daga hantsi zuwa la'asar fa? La'asar ta wuce, ku kunna."

"In sunka taho da rana hwa?"

"Ku kunna, kada ku jira kowa."

Sai ya zare wayar batir da hannunsa.

Komawa

A Filinge mun tarar allon Malama ya washe, ɗalibai sun cika ajin. Ni ban iya yin murna ba. Mun shiga Yamai kafin magariba, na shaida wa shugabana abin da na yi, ya yi faɗa har ya gaji ya bar ni.

Ina godiya ga Allah da ya maido mu lafiya, da Sumana da Malama Hadiza. Ita ce ke turo mini hoton allon kullum da azahar. Kafin in buɗe sai na yi addu'a, domin ni na ce su kashe ta, kuma ranar da na ga baƙi a wannan lokacin na san abin da ya sa suka kunna.