Shekarar da Arewa Ta Koma Kudu

Muttaka mutumin Funtuwa ne, kuma tun yana ƙarami ake ce masa Gola. Ba don ya fi kowa iya kama ƙwallo aka fara sa shi a raga ba. Ƙiba ce da shi, ba ya son gudu, yaran unguwa kuwa duk wanda ba ya gudu raga suke tura shi. Da ya girma ƙibar ta zube, sunan ya zauna, hannu kuma ya faɗa. Yanzu ya haura arba'in, furfura ta fara leƙowa a gemunsa, yana tuƙa bas ɗin wani kamfanin tsaro a Doha. Ya kai masu gadi wuraren aikinsu, ya kwaso waɗanda suka tashi.

Asalinsa malami ne. Ya yi kwalejin horon malamai a wani gari kusa da gida, inda titi ɗaya ya raba kwalejinsu da ta koyon fasaha. Duk shekara in an zo gasar kwalejoji, makarantun biyu suke karawa a zagayen farko, ranar nan kuwa ko mai shayi sai ya faɗi ɓangarensa. 'Yan acaɓa kan ɗaura ƙyalle a madubi, masu dafa abinci su bar tukwane su zo bakin fili. Muttaka ya tsare ragar malamai shekara biyu. A shekararsa ta ƙarshe sai masu shirya gasar suka sake rabon shiyya, aka ware kwalejojin malamai daban, na fasaha daban. Suka koma yin wuni guda a mota don su buga da makarantar da ba su ma san launin rigarta ba, a filin da 'yan kallonsa awaki ne. An yi alkawarin za a riƙa wasan zumunci da maƙwabta. Aka yi sau ɗaya, daga nan shiru.

Ya koyar a firamare na wasu shekaru, ya auri Maimunat, suka sami 'ya'ya uku. Da hidima ta yi yawa ya koyi tuƙin manyan motoci, ya zo Doha ana sauran 'yan shekaru a yi gasar cin kofin duniya. Aka sauke shi da abokan aikinsa a wani tsohon gida a unguwar Bin Omran da aka yanyanka ɗaki-ɗaki.

A ɗan kantin unguwar ya haɗu da Iliasu. Yana zaɓen tumatir sai ya ji wani a bayansa yana waya da Hausa: “Matana ya ce in sayo albasa.”

Muttaka ya waiwaya yana murmushi. “Malam, ai ‘matata ta ce’ ake cewa.”

Mutumin ya sauke wayar, ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, “Kai ne ka aure shi?”

Haka suka fara. Iliasu ɗan Zongon Kumasi ne, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, yana zaune da matarsa Basiratu a layin baya. Kafin su bar kantin sun yi gardama a kan Hausar wa ta fi daɗi, da tuwon wa ya fi riƙe ciki, suka ƙare a kan ƙwallo. Iliasu ya ce 'yan Nijeriya ƙarfi kawai suka sani. Muttaka ya ce 'yan Ghana sai rawa da ƙwallo, raga kuwa sai dai su hango ta.

Ba a yi wata ba aka haɗu a wani fegi mai yashi, da safiyar Juma'a, takalma ne turakun raga. Muttaka ya tara masu gadi da direbobi 'yan Kano da Sakkwato da Gombe, suka sa wa kansu suna Arewa. Iliasu ya zo da mutanensa 'yan Ghana, na Kumasi da Nima da Tamale, suka ce su ne Zongo. Aka tashi kunnen doki, kowa ya tafi yana rantsuwar an cuce shi.

Daga nan abin ya bunƙasa. 'Yan Kenya suka shigo, da 'yan Yuganda, da Gambiya, da Sudan, har da wata ƙungiya ta 'yan Nepal masu gudun tsiya. Aka kafa kwamiti, aka koma kama filin roba, ana bugawa duk Juma'a daga lokacin da zafi ya lafa har ya dawo. Amma kowa ya san wasan shekara shi ne Arewa da Zongo. Daɗinsa, duk zolayar da aka yi kowa na ji, tunda harshe ɗaya ne. 'Yan Zongo kan zo da ganga, Ɗantala ɗan bayan Arewa, wani dogon Bagobiri mai bakin tsiya, ya riƙa mayar musu da martani daga cikin fili. Muttaka ya yi ta tsaron raga har gwiwarsa ta fara ciwo, sannan ya bar wa wani mai gadi Shamsu safar hannu, ya koma koci.

Sai kamfaninsu ya tashe su daga Bin Omran ya mayar da su sabon masauki a Al Wukair, can bayan Wakra. Ɗakuna masu kyau, amma nisa. A kakar farko Arewa ta makara sau da dama, domin wasu daga aikin kwana suke tasowa, kafin a ratsa gari lokacin da aka kama filin ya ci rabi. Ba su kaɗai ba ne ma, ƙungiyoyi da yawa sun koma can.

Shugaban kwamitin, Jamaldeen, ɗan Nima ne mai aikin tarbar baƙi a otal, mutum mai son tsari. Shi ya sanar cewa daga bana an raba gasar shiyya biyu. Na cikin gari su buga da juna a shiyyar arewa, na Wakra da Wukair su buga a shiyyar kudu, zakarun biyu su haɗu a wasan ƙarshe.

Ɗantala ne ya fara gano abin dariyar. Ya ce, “Koci, ka ga ikon Allah. Arewa ta koma kudu, Zongo ce a arewa.”

Duk ɗakin aka bushe da dariya, har da Muttaka. Amma da ya hau bas washegari sai abin ya tsaya masa a rai. Ba za su sake haɗuwa da Zongo ba ke nan sai in duka biyun sun kai wasan ƙarshe, shi kuwa ya san ƙungiyarsa, ya kuma san ƙarfin 'yan Gambiya da ke shiyyarsu. Ya taɓa ganin yadda irin wannan wasa ke mutuwa. Ba wanda ke kashe shi da gangan, ana dai cewa sai an sami lokaci.

Ya kira Iliasu, suka yi za su haɗu a Mushairib, inda layukan jirgin metro ke gamuwa, don kada wani ya ce shi ya bi wani. Suka zauna da kofunan shayin karak.

Iliasu ya ce, “Ni murna nake. Na huta da bakin Ɗantala.”

“To madalla. Sai ka je ka zolayi 'yan Nepal da Hausa, mu ga wanda zai tanka maka.”

Iliasu ya juya kofinsa. Can ya ce, “Yarana sun ce in babu Arewa, ganga ɗin ma a gida za su bar shi.”

“Shi ya sa na kira ka, mutumina. Mu je wurin Jamaldeen tare.”

Bayan sallar Juma'a suka same shi. Da ya hango su kafaɗa da kafaɗa sai ya tsaya yana dariya, ya ce yau lalle akwai magana. Ya saurare su tsaf, sannan ya girgiza kai.

“Bra Iliasu, Malam Muttaka, ni ma ina son wasan nan. Amma in na ba ku, gobe Kenya da Yuganda za su zo. Kuma babu Juma'a da ya rage, duk an cika har zafi ya shigo. Ku samo rana da ba Juma'a ba, ni zan busa muku da kaina. Amma babu maki. Khalas, an gama magana.”

Ranar da ba Juma'a ba, ga mutanen da hutunsu ke nan a mako, ai kamar an ce a'a ne cikin ladabi. Suka wuce gidan Iliasu jiki a sanyaye. Basiratu, wadda ke aikin rakiyar yara a bas ɗin wata makaranta, ta ajiye musu shinkafa da wake da yaji baƙi irin nasu, tana jin abin da suke cewa.

Ta ce, “Ku maza kuna da abin mamaki. Ƙasar nan yana da ranar wasanni, Talata na biyu a Fabrairu, makaranta ma ba ya buɗewa. Ranar da aka yi don wasa, ku kuna kwana.”

Iliasu ya ce mutanensa yawancinsu suna samun hutun. Matsalar masu gadi ce, su da ba su san hutun gwamnati ba. Muttaka ya ci gaba da cin abinci, yana lissafin fuskoki a ransa. Shekara da shekaru yana ɗaukar mutanen kamfanin nan, ya san wanda ke son hutun Lahadi don zuwa coci, da wanda ke son Asabar saboda ranar matarsa ke samun waya a ƙauye.

Ya shafe makonni yana ƙulla musaya daga kan kujerar direba. Duk wanda ya hau sai ya ji, “Sannu da aiki, wace rana kake so ka huta?” Wani ɗan Kenya ya karɓi Talatar Ɗantala a bakin Lahadi. 'Yan Nepal biyu suka yarda, da sharaɗin a ɗauko musu bidiyon wasan. Shugaban masu gadin ya ce shi dai kada ya ga ƙofa ba mutum, sauran ba ruwansa. Shi kansa Muttaka wani direba ɗan Sudan ne ya karɓar masa zirga-zirgar safe.

Da ya ba Maimunat labari a waya, ta ce, “Abban Ummu, ka dai tuna da gwiwar nan.” Ya ce ai shi koci ne, tsayuwa kawai zai yi.

Ranar Talatar, suna shirin fita, Shamsu ya bugo waya. Wanda zai canje shi ya kwana da zazzaɓi, ba halin barin ƙofa. Duk aka juyo ana kallon Muttaka. Ya koma ɗaki ya ɗauko tsohuwar safar hannunsa ta tsaron raga.

Suka shiga bas zuwa tashar Wakra, suka hau metro cikin korayen rigunansu, suka canja layi a Mushairib. Ko'ina mutane ne da kayan motsa jiki, iyaye da yara da kekuna. Tun daga bakin titi suka jiyo gangar Zongo. Filin ya cika fiye da yadda aka saba, domin 'yan sauran ƙungiyoyin ba su da wasa, duk sun zo kallo.

Jamaldeen ya ce, “Yalla, a fara,” ya busa.

Zongo ta fara ci. Kafin hutun rabin lokaci Ɗantala ya farke da ka, ya ruga gaban masu ganga yana taka rawarsu. Muttaka ya ture ƙwallo biyu masu zafi, gwiwar na ƙara, shi ko a jikinsa. Da aka dawo, wani ɗan bayan Arewa ya sa hannu a cikin da'ira, aka ba da fanareti. Sai ga Iliasu, wanda ya daɗe da daina bugawa, yana tuɓe rigar sama.

Ya ce, “Tsoho ne a raga, tsoho zai buga.”

Ya ajiye ƙwallo, ya ja da baya. Muttaka ya ce, “Malam Iliasu, a hankali, Basiratu na kallo.” Iliasu ya sheƙo ya narka. Muttaka ya faɗi dama, ƙwallo ta nufi hagu, ta haye saman raga ta faɗa bayan katanga. Mai bugu ya zauna riƙe da cinya, mai tsaro na kwance riƙe da gwiwa, kowa na nuna ɗan'uwansa yana dariya. Sai da aka zo aka ɗaga su.

Ana dab da tashi wani ɗan Tamale ya kutsa ya zura ta biyu, Zongo ta ci biyu da ɗaya. Ɗantala ya bi Jamaldeen har bakin fili yana cewa satar gida ce, Jamaldeen ya miƙa masa faranti. Basiratu da ƙawayenta, Sherifa da Wasilatu, sun zo da manyan kuloli, 'yan Arewa kuma sun taho da kilishin da wani ya kawo daga hutu. Ana cikin ci kyaftin ɗin Kenya da na Yuganda suka ja Jamaldeen gefe. Da ya dawo ya ce baɗi za a kama fili biyu, duk mai tsohon abokin karawa ya zo da shi.

Washegari Muttaka ya hau bas yana ɗingishi, ya ɗaure gwiwa da bandeji. Duk mai gadin da ya shigo sai ya yi masa jaje yana danne dariya. A tsayawar ƙarshe wani sabon ma'aikaci ya matso, bai fi mako da zuwa ƙasar ba, kakinsa ma bai saki ba. Ya gaishe shi da Hausar Zamfara, ya ce ya ji ana maganar ƙwallo, shi a gida lamba biyar yake bugawa, ko akwai wuri?

Muttaka ya leƙa ƙafafunsa ta madubi, ya ce, “Kana da takalmi?”

“Ban zo da shi ba, Yaya.”

“Za a samo maka aro. Juma'a da safe ka same ni a bakin get, da 'yan Gambiya za mu yi.” Ya rufe ƙofa, ya sa sigina, ya hau titi.